Surukina da Hanyar Gida

Uban mijina ya mutu ranar Laraba da hantsi, a asibiti, nan Zuru. Ciwon ƙirji ne. Tsohon soja ne mai muƙamin sajan, ya tsufa, kuma ba kashe shi aka yi ba. A wajenmu yanzu wannan ma abin faɗa ne.

Kafin a dawo da bargonsa daga asibiti gida ya cika. Matan zumuntar coci sun zo da zanensu iri ɗaya suna waƙa. Tsofaffin sojoji, abokan layinsa na fansho, sun jeru a kan benci, ɗaya ya miƙe ya sara wa kujerarsa da ba kowa a kai. Ibo mai shago a bakin kasuwa, wanda Baba ke sayen batir a wurinsa, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Baba ya tafi. Yanzu wa zai zo ya ce batir ɗina jabu ne?" Ya share ido da bayan hannu. Hawayensa kaɗai na yarda da su.

Yaya, babbar 'yar Baba, ta faɗi ƙasa tana birgima har ɗankwali ya fita. Baba Ƙarami, ƙanin mamacin, ya zauna a tsakiyar gida yana karɓar gaisuwa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da waya. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga ta fi kowa ɗaga murya. Zan zo kanta.

Ni ban yi kuka ba. Ina hura wuta ina ɗora ruwa, ina jin suna cewa zuciyata ta bushe tun a daji. Gaskiyarsu.

Ban yi makaranta ba. Da baki nake faɗin wannan ana rubutawa. Abin da ya sa nake faɗa, tun gawa tana mutuware a asibiti suka fara yi masa ƙarya. Wai mutum ne mai sanyin hali. Wai bai taɓa ɓata wa kowa ba. Da yana ji, da ya ɗaga kai ya ce, "Wa ya gaya muku?"

Abu na biyu, a ranar suka yanke cewa za a kai shi gida a binne. Gida shi ne ƙauyenmu, can bayan Dirin Daji ta wajen Sakaba, inda 'yan bindiga suka tashe mu. A gidansu Baba, idan babba ya mutu, babban ɗansa ne ke riƙe kan akwati har bakin kabari. Babban ɗansa mijina ne, kuma ya mutu a kan wannan hanyar. Saura ɗana. Shi kaɗai gare ni. Shi suka ce zai shiga motar gawa.

Baba a soja mai riƙe oba-oba ne, na'urar da ake aika saƙo da ita tsakanin rundunoni. Ya ce a aikinsu idan an ba ka saƙo sai ka maimaita shi ga wanda ya ba ka, domin kalma ɗaya ta karkace, an kai mutane inda za su mutu. Ya bar soja amma bai bar wannan ba. Ka ce masa an ɗauke ruwan famfo, zai ce, "Maimaita." Ka maimaita, zai ce, "Wa ya gaya maka?" Ka faɗa, zai ce, "Shi ina yake tsaye lokacin?" Ba wanda ke son kawo masa labari. Jikokinsa idan sun hango shi sai su sake hanya.

Rediyonsa biyu. Da safe ya ji ta jiha, ya ji ta tarayya, ya juya ya ji ta ƙasashen waje. Ba ya zagin kowacce. Yakan ce rediyon gwamnati za ta gaya maka daidai abin da gwamnati ta ce, kuma wannan ma sani ne, amma abin da aka yi a ƙasa sai ka nemo shi da ƙafa. Ta waje kuma, in ji shi, mai maganar yana zaune a birni, bai san rafinmu ba, wani ne ya kira shi a waya. Sai ka tambayi kanka wane ne wanin.

Akwai lokacin da aka wayi gari ana cewa an hana hawa babur, duk wanda aka kama za a harbe. 'Yan kabu-kabu suka ɓoye baburansu a ɗaki, mata suka tafi kasuwa a ƙafa da kaya a ka. Baba ya sa hularsa ya fita. Ya je ofishin 'yan sanda, ya je fadar hakimi, ya tsaya a ƙofar bariki har wani tsohon yaronsa ya fito. Tambayarsa ɗaya a ko'ina: dokar wace jiha ce, wa ya sa mata hannu, daga yaushe. Ya dawo da rana tsaka ya zauna ya cire takalmi.

"Dokar gaskiya ce," ya ce. "Amma ta maƙwabta ce, ba tamu ba. Tamu a kan sayar da fetur a jarka ce. Ku fito da babura, ku ɓoye jarkoki."

Wata rana Baba Ƙarami ya shigo da waya yana haki, wai ga hoton bidiyo, an kashe sojoji a dajinmu. Mata uku a layinmu mazansu na can. Sun fara kuka. Baba ya karɓi wayar da yatsu biyu kamar an miƙa masa mataccen ɓera. Ya sa aka sake kunna masa. Ya ce wannan hula ba tamu ba ce, wannan takalmi ba namu ba ne, kuma a dajinmu babu irin wannan bishiya. Ya miƙa wa ƙaninsa wayar.

"Wa ya aiko maka?"

"A zauren 'yan unguwa na waya ne."

"Zaure ba ya magana. Mutum ne ya sa. Wane ne?"

"To, ni ina zan sani?"

"Ba ka sani ba, ka sa mata uku kuka."

Sun yi wata guda ba sa gaisawa.

Idan ranar kasuwa ta zo yakan je tasha da sandarsa. Ba ya tambayar direba ko hanya lafiya, domin ya ce direba fasinja yake nema. Tambayarsa ita ce, ina ka tsaya, ina ka juyo, wa ka ɗauko. Yana zagaya babura yana taɓa taya da sanda. Hanyar ƙauyenmu jan laka ce, da damina ba abin da zai bi ta ya fito bai yi ja ba. Ya shiga layin masu dawa ya ga matan wane gari suka zo, na wane gari ba su zo ba. Ya lura da matan bariki, idan sun fara sayen garin kwaki da sukari da sabulu da yawa, ya san za a tura mazansu wani wuri. Dokarsa ita ce baki uku. Ba ya yarda da magana a kan hanya sai ya ji ta daga mutum uku dabam-dabam.

Da wannan dokar ya kashe mini miji. Haka na ɗauka a lokacin, kuma har yau ban sauke duka ba.

Mun gudo Zuru mun zauna a gidan Baba, mun bar dawa a gona. Kaka ta yi. Mijina manomi ne, wanda ya yi wa babana golmo, noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya, har kunyoyin da ya tayar a gona aka riƙa nuna wa samari. Ba ya iya zama yana cin tuwon fanshon ubansa alhali dawarsa tana zubewa. Kullum ya ce zai je, Baba ya ce jira. Sun yi faɗa a kan haka har mijina ya kwana biyu bai ci abincin gidan ba.

Sai Baba ya fita neman baki uku. Ya samu wani ɗan kabu-kabu ya ce 'yan bindigar sun tashi sun yi nisa. Ya samu mai bisharar ƙauyenmu, shi ma ɗan gudun hijira, ya ce haka ya ji, sun tashi. Ya samu wani ɗan sa-kai ya ce tabbas sun tashi. Ya dawo ya kira mu.

"Ku je da safe. Ku yanka abin da za ku iya. Ku juyo kafin rana ta karkata. Maimaita."

Mijina ya maimaita yana dariya.

A mashigin rafi suka tare mu. Shi a nan suka harbe shi. Ni suka tafi da ni. Na zauna a wurinsu daga kaka har bazara. Abin da ya faru a can nawa ne, ba na wannan takardar ba. Ranar da jirgi ya yi ƙara a sama suka watse, na bi rafi da ƙafa har na fito titi.

Da aka kawo ni gida mata suka rufe ni da kuka. Baba ya jira suka gama. Ya jawo kujera ya zauna a gabana. Ban ji sannu daga bakinsa ba.

"Ta wane gefe rana ke fito muku a dajin?"

Na kalle shi.

"Ina suke ɗiban ruwa? Rafi ko rijiya? Da kika gudo, dutse yana hannun dama ko hagu?"

Na faɗa.

"Maimaita."

Kwanon ruwa ne a hannuna. Na jefe shi da shi. Ya same shi a ƙirji, rigarsa ta jiƙe. Bai goge ba. Ya ce, "Dama ko hagu?" Na ce hagu. Ya tashi ya sa takalmi ya tafi bariki. Abin da suka yi da maganar ban sani ba, shi ma ya ce bai sani ba, kuma ba zai ce ya sani ba. Sunana dai bai ba su ba.

Daga baya na ji abin da ya yi lokacin ina daji. Ya koma wurin mutanen nan uku ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi ɗan kabu-kabu a ina ya ji. A teburin mai shayi. Mai bishara, a teburin mai shayi. Ɗan sa-kai, shi ma can. Duka ukun daga bakin mutum ɗaya suka ɗauka, wani mai gyaran waya da bai taɓa wuce Dirin Daji ba, shi kuma wata murya ce aka turo masa. Baba ya ƙirga baki uku, ashe baki ɗaya ne, kuma ba shi da ƙafa.

Bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba. Bai taɓa cewa in yafe ba. Da ya ce ma ban san abin da zan amsa ba. Abin da ya yi shi ne ya daina cin nama, ba wanda ya san dalili, kuma ya ƙara wa dokarsa abu biyu. Na farko, ka bi kowane baki har tushensa, ka ga ko rijiya ɗaya suka sha. Na biyu, idan mutum ya ce hanya lafiya, ka bar bakinsa ka duba ko ya aika nasa ɗan a kanta. Ranar da na fara jin ya faɗi wannan na biyun, ina shara. Na ce, "Kai ai ka aika naka." Bai juyo ba. Ya ce, "Na aika."

Yanzu maƙwabciya.

Ban daɗe da dawowa ba magana ta tashi cewa ni infoma ce, mai kai wa 'yan bindiga labari. In ba haka ba, ta yaya aka kashe miji aka bar mata, ta kuma dawo da ƙafarta. A garin nan an san abin da ake yi wa wanda aka liƙa wa wannan suna. Ba a kai shi kotu. A famfo mata suka daina ajiye bokiti kusa da nawa. A coci benci ya yi mini faɗi. Yaya da kanta ta ce gara in koma wurin dangina kafin in jawo wa gidansu wuta.

Wata safiya 'yan sa-kai suka zo, da bindigoginsu na gida da layu a damtse. Baba ya fito da kujerarsa ya dasa a bakin ƙofa ya zauna. Ina bayan ƙyaure ina ji.

"Baba, matar nan muke son yi wa tambaya."

"Wa ya gan ta?"

"Gari duka na faɗa."

"Gari ba ya gani. Ido ke gani. Idon wa?"

"Baba, ka san muna girmama ka."

"Ban tambaye ka girma ba. Kai wa ya gaya maka? Faɗi sunansa, mu je tare yanzu."

Shugabansu ya faɗi suna. Baba ya sa aka rufe ni a ɗaki, ya ɗauki sanda ya sa su a gaba. Daga wannan gida zuwa wancan, kowa ya nuna wanda ya gaya masa. Mai nama ya nuna mai niƙa, mai niƙa ta nuna wata 'yar zumunta. Haka suka zagaya rabin unguwa a cikin rana, tsoho da ciwon gwiwa, har maganar ta dawo bayan katangarmu. Maƙwabciya ta ce ita ba ta ce infoma ba, ita dai cewa ta yi abin da mamaki. Baba ya ce ta maimaita a gaban 'yan sa-kai. Ta maimaita. Ya ce ranar Lahadi ma ta maimaita a ƙofar coci bayan an tashi. Ta yi, tana kallon ƙasa.

Da ya dawo gwiwarsa ta kumbura. Na dafa ruwa na kai masa na ajiye. Bai ce na gode ba, ni ma ban ce ba. Mun zauna shekaru a gida ɗaya a haka. Ina dafawa yana ci. Idan na dawo daga kasuwa ya tambaye ni matan wane gari na gani, in faɗa, ya ce maimaita, in ce ba zan maimaita ba, ya ce to. A hankali na ga ina lura da tayoyin babura ba tare da ya aike ni ba. Na tsani hakan.

Wannan maƙwabciyar ce ta fi kowa kuka ranar Laraba.

Washegari da safe aka zauna shirya tafiya. Maza a tsakar gida, Fasto a kujera, mu mata a gefen madafa. Baba Ƙarami ya ce an buɗe hanya, gwamnati ta sanar an kai jami'an tsaro, manoma su koma gona. Fasto ya ce shi ma ya ji. Yaya ta ce ita wani babba a ƙaramar hukuma ne ya gaya wa mijinta. Ta ƙara da cewa Baba da bakinsa ya ce a kai shi gida, kusa da matarsa da ubansa.

Wannan gaskiya ne. Ina wurin. Ya faɗa a gadon asibiti, ya sa Yaya ta maimaita.

Na ajiye ludayi na ɗauki mayafi na fita. Ba wanda ya tambaye ni ina za ni. Ranar kasuwa ce.

A tasha na samu direban da ke zuwa Dirin Daji. Ban ce masa hanya lafiya ba. Na ce ina yake juyowa.

"Dirin Daji, Inna. Nan nika tsayawa."

"Gaba fa? Ta mashigin rafi?"

"Wagga hanya? Mi zan je nema? An ce an kai sojoji, na kuma gan su ga babban titi. Ciki dai ban gani ba, ban kuma ga wanda ya gani ba."

Na zagaya babura. Laka baƙa, laka fara, ƙurar titi. Ja babu ko ɗaya, ga shi an yi ruwa sau biyu a makon. Na shiga layin dawa. Daga ƙauyukan gefenmu mace ɗaya na samu, tsohuwa, ta ce ta cikin duwatsu suke ɗauko kaya a ka, ba ta hanya ba. Na ce don me. Ta kalle ni kamar mahaukaciya. Na samu wata matar bariki da muke gaisawa, tana sayen sabulu. Ta ce mijinta na cikin waɗanda aka tura, amma ba ya gaya mata inda yake, ita ma ba ta tambaya, kuma ko ta sani ba za ta faɗa a kasuwa ba. Na ce ta yi daidai. Baba ma da haka zai ce.

A hanyar dawowa na haɗu da matar Baba Ƙarami tana ciniki. Na ce Allah ya kai mu gobe, 'ya'yanta biyu a wace mota za su shiga. Ta ce ai babansu ya ce su tsaya su kula da baƙi a gida.

Na shiga gida ana maganar mota. Mace ba ta sa baki a zancen binnewa, balle matar ɗa, balle ni. Na tsaya a tsakiya.

"Baba Ƙarami, wa ya gaya maka an buɗe hanya?"

Ya kalli Fasto, ya kalli maza. "Ke, wa ya kira ki?"

"Wa ya gaya maka?"

"Sanarwa ce. Ga ta a waya."

"Fasto fa?"

Fasto ya gyara zama. Ya ce a rediyo ya ji, sanarwar ce dai.

"Yaya, babban da ya gaya wa mijinki, ya je ne?"

"Ke kin fi gwamnati sani?"

"Ban fi ba. Gwamnati ta ce ta kai sojoji, kuma direba ya gan su a babban titi. Ban ƙaryata ba. Gawa ba a babban titi za a binne ta ba. Ku uku, sanarwa ɗaya kuka ji. A cikinku wa ya taka mashigin rafi bana?"

Yaya ta miƙe tana nuna ni da yatsa. Ta ce ni ce na ci ƙaninta, yanzu zan hana ubanta kwanciya kusa da uwarta. Ta ce tun farko ba banza aka kira ni abin da aka kira ni ba. Maƙwabciya tana wurin, ta sunkuyar da kai ta shiga gyaran zane.

Na ce, "Na ji. Baba Ƙarami, 'ya'yanka biyu a wace mota za su shiga?"

"Akwai baƙi. Dole wani ya tsaya."

"Nawa ɗaya ne, zai shiga gaba da akwati. Naka biyu ne, za su tsaya raba ruwa."

"Al'ada ce ta ce ɗanki."

"Al'ada ba ta ce naka su zauna ba. Ka sa ɗaya a gefensa, ni da kaina zan rufe musu ƙofar mota."

Ya duba waya kamar amsar tana ciki. Ɗaya daga cikin tsofaffin sojojin, wanda ya sara wa kujera, ya yi tari ya ce wa na kusa da shi, amma kowa ya ji, "Muryar mace, tambayar Sajan."

Ɗana yana zaune a ƙasa kusa da bango tun farko. Gemu ya fito masa, ba zan iya ɗaure shi ba. Da ya ce zai je, da ya je. Yana son kakansa fiye da yadda ni na iya. Ya miƙe ya karkaɗe wando.

"Kaka Ƙarami," ya ce, "zan riƙe kan akwati. Duk inda aka haƙa zan riƙe. Amma a kawo mutum ɗaya da ya bi hanyar ya dawo, in ji daga bakinsa."

Suka aika tasha, suka aika kasuwa, suka kira waya har batir ya mutu. Rana ta karkata ba a samu kowa ba. Fasto ne ya rufe zancen, ya ce ƙasa duka ta Ubangiji ce, a nemi wuri a maƙabartar coci.

Ba zan ce na ceci kowa ba. Ban ji an tare wani a hanyar a makon ba, ba kuma wanda ya bi ta balle a sani. Mai yiwuwa da mun je da mun dawo lafiya. Yaya haka take faɗa wa duk wanda ya zo gaisuwa, kuma tun ranar ba ta sake cin abin da na dafa ba. Baba Ƙarami idan na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Ban damu ba. Ban sani ba ko hanyar lafiya, su ma ba su sani ba. Bambancin shi ne ni na ce ban sani ba.

Na saɓa wa maganar Baba ta ƙarshe. Na saɓa mata da tambayoyinsa. Idan yana da ƙorafi, ya san ni, ni ma ina da nawa.

Rediyonsa biyu suna ɗakina. Ɗaya ta lalace. Ibo mai shago ya kawo batir ya ajiye ya tafi. Da safe ina kunna mai aikin, in ji abin da aka ce. Ranar kasuwa ina bi ta tasha in duba taya. Ranar da na ga jan laka, na samu mai babur ɗin, na ji daga bakinsa, na sa ya maimaita, na kuma ga ya ɗauki ɗansa a baya ya koma, ranar zan je in gaya wa Yaya ta shirya. A ɗebo ƙasar kabarin matarsa a kawo masa, ko a kai tasa can, yadda manya suka ga dama. Kafin nan ba mai taɓa mini ɗa.

Ranar Juma'a aka binne shi. Ɗana ya riƙe kan akwati har bakin rami. Yana maƙabartar coci a nan Zuru, layin ƙarshe kusa da katanga, gefen da ake jin motocin Dirin Daji suna wucewa. Ba inda ya ce a kai shi ba ne. Yana nan yana jira a tabbatar da hanya.